Zuwa ga Rifkatu, Kafin Ki Shiga Kicin ɗin 'Yan Caina

'Yata Rifkatu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Allah ya sa lokacin da za ki tarar da wannan takarda a ƙasan jakarki kin riga kin sauka Abuja lafiya, kin sami ɗakin da matar kawunki ta ce ta share miki, kin sha ruwa kin huta. Allah ya tsare hanya, ya tsare direba, ya kau da idon mugu daga kanki. Babanki yana gaishe ki, ya ce in rubuta cewa yana murna. To, ga shi na rubuta. Ni dai ba zan yi miki ƙarya ba, tun ranar da kika shigo da gudu kika ce gidan abincin 'yan Caina sun ɗauke ki aiki, ban yi barcin kirki ba.

Na so in zaunar da ke mu yi magana baki da baki, amma kin san halina. Da na fara sai hawaye su riga ni, ke kuma ki ce, "Mama, kin fara ko?" Shi ya sa na ɗauko biro. Rubutun ajin yamma na coci ne, ki yi haƙuri da shi, inda ya karkace ki miƙe shi da kanki.

Kowa a unguwa cewa yake kin yi sa'a. Soja sun koma bariki, farar hula sun hau, Abuja ta cika da sababbin manya masu son a gan su suna cin shinkafa da tsinke, gidajen abincin 'yan Caina da na Indiyawa sai buɗewa suke yi. Ban musa ba. Amma ni na taɓa ganin irin wannan lokaci, wancan karon da soja suka miƙa mulki, kina goye a bayana. Haka aka yi ta murna a lokacin ma. A lokacin ne kuma na shiga kicin ɗin 'yan Caina, na fito da tabon da kika taso kina gani a hannuna na dama. Kin ji labarin guntu-guntu a bakin mutane. Yau zan jera miki shi yadda ya faru, har da wautar da na tafka a ciki, don kada ki bi sawuna.

Kafin nan rumfa gare ni a bakin ƙofar masaƙa, nan unguwar Kakuri a Kaduna. Ba wannan Kakurin da kika sani ba, da rabin injuna suka yi shiru. A lokacin in aka busa jiniyar tashi, titi cika yake yi maƙil da ma'aikata, gashin kansu fari fat da auduga, kowa na neman inda zai zauna ya ci. Ina sayar da tuwon masara da miyar kuɓewa, da shinkafa da wake, ranar Asabar kuma gwaten acha. Kusa da ni akwai Yaya Asabe mai waina, wadda kike kira Hajiya yanzu. Lokacin ba ta je Makka ba. Kullum daga Tudun Wada take zuwa da ƙullunta a ka. In ta tashi salla ni nake juya mata waina, in na tafi taron mata a coci ita take kwashe mini tuwo.

Wata rana wata 'yar Caina ta tsaya a gaban rumfata riƙe da laima, ba ta sayi komai ba, sai kallon hannuna take ina yanka alayyahu. Siririya ce, 'yar ƙarama, matar wani injiniya mai gyaran injunan masaƙa. Sunanta Madam Lin. Ta tambayi sunana, na gaya mata, ta ce, "Salatu." Har muka rabu haka take kira na, harshenta bai taɓa kama sunan daidai ba. Da guntuwar Hausa da guntun Turanci ta fahimtar da ni cewa ta kama wani gida a bayan masaƙa za ta buɗe gidan abinci, tana neman mace mai saurin hannu.

Ban ko yi shawara da babanki yadda ya kamata ba, na amsa. Na fara sayar da kayan rumfa. Yaya Asabe ta ja ni gefe ta ce, "Saratu, ki je ki yi aikin, ban hana ki ba. Amma tukwanen nan ki kai su gida ki kife a ƙarƙashin gado. Rumfar kuma ki sa ƙanwarki ta riƙe miki."

Na ce, "Haba Yaya, ni da hayaƙin itace ai mun rabu ke nan."

Na sayar da komai, har muciya. Bai tsaya nan ba. Da na fara ɗaura farin ƙyalle a gaba, na koyi kiran sunayen abincin da ba wanda ya taɓa ji a Kakuri, sai kaina ya kumbura. In zan wuce matan bakin masaƙa, daga nesa nake ɗaga musu hannu. Har na taɓa ce wa wata manjanta ya yi yawa a miya, ni da muka yi shekaru muna sayen manja a galan ɗaya. Ranar da gidan Madam ya rufe, ba ni da ko ludayi. Matan nan da nake ɗaga wa hannu su suka matsa suka ba ni wuri, wannan ta ara mini tukunya, waccan ta ba ni benci, ba wadda ta tuna mini da abin da na yi. Da sun zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Saboda haka, Rifkatu, in kin je Abuja za ki ga mata irina a gindin bishiya, a bayan ma'aikatu da wuraren gini, suna kwasar tuwo. Ki gaishe su da kyau, ki rusuna. Ki san sunan ko guda biyu a cikinsu, ki riƙa zama kina cin abincinsu ranar hutunki. Baƙo yana iya haɗa kayansa ya koma ƙasarsu a kowane lokaci, ba don mugunta ba, don can ne gidansu. Waɗannan matan suna nan. Kuma kada hannunki ya manta tuƙin tuwo. Duk abin da za su koya miki ki koya, amma ki ɗora shi a kan wanda kika tafi da shi.

Yanzu maganar tabo. Kicin ɗin Madam ba irin namu ba ne. Mu mukan ɗora tukunya mu zauna muna hira tana dahuwa. Su kuwa sai an yanka komai ƙanana-ƙanana an jera a kwanuka, sannan a kunna wuta mai gurnani kamar injin niƙa, a ɗora wani babban kasko mai zurfi, kafin ki juya an gama. Madam ba muguwa ba ce, amma a gaban wuta ba ta da haƙuri ko kaɗan. Tsawa take yi da yarensu, ko ba ki ji ba kin san ba yabo ba ne. Ni kuwa ban taɓa kusantar gas ba sai a gidanta.

Akwai wani ruwan kifi da suke zubawa a abinci, yana zuwa a kwalba, warinsa kamar kifi ya kwana a rana. Farkon da na ji shi na ruga na ce mata wani abu ya ruɓe a kicin. Ta yi dariya har da riƙe ciki, da mijinta ya dawo ta ba shi labari, shi ma ya yi. Kunya ta kama ni, na ce a raina ba zan ƙara ba.

Ba a daɗe ba, wata safiya na shiga kicin na ji wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai a wajen tukunyar gas. Na tsaya na shinshina. Zuciyata ta ce in kira Madam, sai na tuna dariyar nan, na ce wataƙila wani kayan miyarsu ne kuma. Na yi shiru. Na ɗauki ashana na ƙyasta.

Ban ga lokacin da wutar ta tashi ba, ji kawai na yi kamar an mare ni da iska mai zafi. Hannun rigata ya kama. Ina ihu ina kaɗa hannu, wutar na ƙara ci. Madam ta fito da gudu, ta fizgi mayafin tebur ta naɗe mini hannu ta danne ni a ƙasa, sannan ta kutsa ta rufe kan tukunyar da hannunta tsirara. Ke kuwa kina kwance kan tabarma a ɗakin ajiyar shinkafa, katako ɗaya ne tsakaninki da wutar.

A asibiti ta zauna a bakin gadona, tafin hannunta a naɗe da bandeji, ta ce, "Salatu, hanci ya ji?"

Na ce ya ji.

Ta ce, "Baki bai faɗa ba. Don me?"

Ta yaya zan ce mata tsoron dariya ne ya hana ni?

'Yata, duk abin da hancinki ya ji ko idonki ya gani a kicin, wanda hankalinki bai kwanta da shi ba, ki faɗa da ƙarfi. Su yi miki dariya, su kira ki 'yar ƙauye, ba komai. In kin ji warin gas kada ki taɓa ashana, kada ki taɓa makunnin lantarki, ki buɗe ƙofa da taga ki kira mutane. Kada ki sa riga mai faɗin hannu a gaban wuta, komai kyanta. Ranar farko, kafin ki koyi sunan kowane abinci, ki nemi ƙofar baya ki tabbata tana buɗuwa.

Abu na gaba ban taɓa zama na gaya miki shi ba saboda nauyinsa a baki, amma yanzu kin girma, kuma wurin da za ki ya fi Kaduna yawan irin waɗannan mutane. Da gidan ya yi suna, 'yan siyasa suka fara zuwa da manyan riguna da motoci. Akwai wani ɗan majalisa, ba zan rubuta sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya. In na kawo masa abinci sai ya ce, "Kai, Madam ta iya zaɓen ma'aikata." Ni kuma in yi murmushi don kada a ce na kori kwastoma. Wata rana da azahar Madam ta tafi kasuwa, direbansa ya zo ya ce oga yana masaukin baƙi da abokansa, yana son miyar kaza da masara, kuma ya ce Saratu ta kawo da kanta don ta zuba yadda ake zubawa. Na ga mota, na ga babban mutum ne, na ji tsoron in ce a'a. Na bar ki wajen maƙwabciya na shiga.

Da na isa babu wasu abokai. Ina ajiye faranti na ji ya murɗa makulli. Rifkatu, ban san inda ƙarfin ya fito ba. Na ɗauki kwanon miyar da hannu biyu, na cire murfin, tururi na tashi, na ce, "Ranka ya daɗe, miyar nan yanzu aka sauke ta. In ka ƙara taku ɗaya, a fuskarka zan zuba." Ya tsaya yana kallona. Can ya yi wata irin dariya ya ce ashe ban san wasa ba, ya buɗe ƙofar. A ƙafa na dawo Kakuri, takalmina ɗaya a can na bar shi.

Da na gaya wa Madam, ta ce daga ranar ba ma'aikaciyarta da za ta ƙara fita da abinci, mai so ya aiko a ɗauka. Amma ai bai kamata in jira sai ta kafa doka ba. Ke ma kada ki jira. Aikinki a kicin yake da kan tebur. Duk wanda ya ce ki kai masa abinci ɗaki, ko gida, ko ofis bayan an tashi, ko da wace irin mota ya aiko, ki ce ba a ba ki izini ba. In mai gidan abincin ne da kansa ya ce ki je, ki cire ƙyallen gabanki ki ajiye masa. Kuma murmushin da za ki yi wa kwastoma ki auna shi. Wasu ba su san bambancin ladabi da gayyata ba.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Wannan shi ne dalilin da ya hana ni barci tun da kika sami aikin nan.

Madam mace ce mai kiyayewa. Ta san garin da take. Naman da ake dafa wa kwastoma duk daga wajen Malam Sule mahauci yake zuwa, yankan Musulmi, kuma wanda ya haɗa ta da shi wani kwastomanmu ne, Alhaji Garba, dillalin atamfa. Duk ranar da ya zo ɗaukar kaya a masaƙa sai ya biyo ya ci soyayyiyar shinkafa da kaza. Amma ita da mijinta suna cin naman alade. A ɗakinsu na baya take ajiye shi, cikin wani ƙaramin firji, da tukunyarsa daban, da wuƙarsa daban, ko cokalinsa ba ya shigowa babban kicin.

Wata rana ina cikin bas daga kasuwa, wata 'yar cocinmu ta tambaye ni daga kujerar baya, "Maman Rifkatu, wai da gaske ne 'yan Caina suna cin kare da maciji?"

Ni kuma ga son a san na san abin da wasu ba su sani ba. Na ɗaga murya ina dariya na ce, "Kare dai ban gani ba, amma alade kam yana nan cikin firji, Madam ba ta wasa da shi."

Bas cike yake da mutane. Ban ce firjin ɗakinta ba ne. Ban ce tukunyarsa daban ba. Na sauka na manta.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, muna shirin abincin rana, aka buga ƙofar baya da ƙarfi. Yaya Asabe ce, wadda na daina tsayawa gaisarwa, ta ci ɗamara da gyalenta, tana haki. Ta ce, "Saratu, miƙo mini yarinyar nan. Maza!"

Na ce, "Yaya, lafiya?"

Ta ce, "Ina lafiya? Magana ta cika gari wai kuna ba Musulmi alade a ɓoye, wasu ma sun ce har da kare. Samari na taruwa a bakin masaƙa. Ba ni ita, ke ma ki fito."

Na kwance ki na ba ta, ta goya ki ta bi lungu. Na so in bi ta. Na juya na ga Madam tsaye da albasa a hannu tana kallona, ba ta gane ko kalma ɗaya ba, mijinta kuma yana wurin aiki. Na kasa tafiya. Na rufe ƙofar gaba na sa sakata.

Hayaniyar muka fara ji daga nesa, kamar ta filin ƙwallo, tana matsowa. Sai dutse na farko ya fasa gilashin taga. Suka fizge jajayen fitilun takarda da ta rataya a baranda suka tattake. Madam ta ɗauki babbar wuƙarta ta sara nama ta riƙe a ƙirji. Na ƙwace na jefa cikin duron ruwa, na ce, "Madam, in suka gan ki da wannan mun mutu." Muka durƙusa a bayan kantar karɓar kuɗi. Tana wata magana da yarensu a hankali, ni ina kiran sunan Yesu. A cikin hayaniyar na ji wata murya ta ce a kawo fetur. Na tuna tukwanen gas da ke jere a kicin. Na ce shi ke nan, Allah na gode da ka fitar da 'yata.

Ashe Yaya Asabe ba gida ta nufa ba. Da ke a bayanta ta ruga ƙofar masaƙa ta nemo Alhaji Garba a wajen lodin kaya. Muryarsa na ji a baranda, yana cewa, "Ku dakata! Duk cikinku wa ya taɓa cin abinci a gidan nan? Ni na ci, ba sau ɗaya ba. In an cuci wani, ni aka cuta. Ku bari in tambaya da bakina." Sannan ya buga ƙofa ya ce, "Maman Rifkatu, fito."

Na zare sakata na fito. Fuskoki ne har bakin titi, wasu na san su, sun ci tuwona a bakin masaƙa.

Ya ce, "Tsakaninki da Allah, akwai alade a gidan nan?"

Bakina ya so ya ce babu. Amma na san in na ce babu suka shiga suka gani, ba mai ƙara sauraron kowa. Na ce, "Akwai, Alhaji."

Wurin ya ɗauki ihu. Wani abu ya wuce ta gefen kunnena ya bugi bango. Alhaji ya ɗaga hannu, fuskarsa ta canza, ya ce, "Na taɓa ci?"

Na ce, "Ba ka taɓa ba. Ba wanda ya taɓa. A ɗakinta yake, ita da mijinta. Naman kicin na Malam Sule ne. Ka shiga ka gani."

Ya sa aka kira Malam Sule daga kasuwa, muna tsaye a rana ana zagina. Da ya zo, su biyu da wani dattijo daga cikin taron suka shiga. Suka buɗe babban firji, Malam Sule ya duba ya ce yankansa ne, ya san hannunsa. Suka leƙa ɗakin baya suka ga ƙaramin firjin da tukunyar da wuƙar. Da suka fito Alhaji ya ce, "Na gani da idona. Abin da take ci a ɗakinta ba ruwanmu. Ba a ba kowa haram ba. Wanda ya ƙara jifa, da ni yake yi." Ba nan take suka watse ba. Sai da aka yi ta ja-in-ja, dattawa na kora, samari na gunaguni, har aka ragu. 'Yan sanda sun iso muna share gilashi.

Da yamma na je Tudun Wada na karɓo ki. Na tarar Yaya Asabe ta yi miki wanka ta ba ki kunu, kina wasa da 'ya'yanta. Na durƙusa zan yi godiya, ta ce in tashi, ba ta son shirme.

Washegari na gaya wa Madam maganar da na yi a bas. Ta daɗe tana kallona. Da gari ya waye ta turo mini kwandon albasa kamar kullum, muka ci gaba. Amma gidan bai koma daidai ba. Alhaji Garba, wanda ya tsaya mana da ransa, bai ƙara cin abincinmu ba. Na haɗu da shi a hanya, muka gaisa, ya ce, "Maman Rifkatu, na san gaskiya kika faɗa. Amma zuciyata ba za ta iya ba." Ban ga laifinsa ba. Kwastomomi suka yi ta raguwa. Da soja suka sake karɓar mulki, manyan riguna suka ɓace gaba ɗaya, Madam ta haɗa kayanta. Ranar da za ta tafi ta riƙe hannuna mai tabo tana kuka, ni ma ina yi.

Rifkatu, abin da ke cikin firjin mutane, da abin da suke ci a bayan ƙofarsu, da yadda suke addu'a, ba labarin bas ba ne, ba na wajen kitso ba ne, ko a coci kada ki kai shi. Rabin magana a kan abinci tana iya kashe mutum a ƙasar nan, na gani da idona. Amma in kwastoma ya dube ki ya tambayi abin da ke cikin farantinsa, ki gaya masa gaskiya. In ba ki sani ba, ki ce bari in tambayo, ki je ki tambayo. In akwai alade ko giya a ciki ki faɗa tun kafin ya kai cokali baki, ko da mai gidan zai ji haushi. In kuwa kika ga inda kike aiki suna haɗa tukwane suna ɓoyewa, kada ki ƙara kwana a aikin.

Ba don abin ya wuce nake tsoro ba, don ina jin irin hayaniyar nan tana dawowa ne. Tun da aka saki bakin mutane, maganar da ake yi a bas da kasuwa ta canza. Kowa da tasa fassarar, kowa na cewa su ne aka danne. Kin ga maƙwabtanmu biyu sun tashi sun koma unguwar da suka ce ta 'yan'uwansu ce. Makon jiya Hajiya Asabe ta ce mini 'ya'yanta sun fara matsa mata ta daina zuwa Kakuri. Ta ce ta gaya musu sai dai in ƙafarta ce ta gaza. Muka yi dariya, amma da ta juya na ga tana share ido da bakin gyale. Ban san abin da ke zuwa ba. Ina roƙon Allah ya sa tsufa ne kawai yake sa ni jin abin da babu. Ke dai a can ki yi abota da Kirista, ki yi da Musulmi, ki san gida ɗaya a kowane ɓangare da za ki iya bugawa a buɗe miki. In kin ji gari ya fara zafi kada ki tsaya kallo.

In kuma aikin ya ƙi, ko an wulaƙanta ki, ko kawai ranki ya ce ba ya so, ki hau mota ki dawo. Ba wanda zai tambaye ki dalili a gidan nan. Wanda ya yi miki dariya a unguwa ki bar ni da shi.

Na san takardar nan ta cika da tsoro. Kada ki ɗauka ina so ki fasa. Da ina so da na faɗa tun a gida. Na tsaya a bayanki sau da yawa ina kallon yadda kike dafa abinci ba ki sani ba. Kin fi ni nutsuwa, kin fi ni ido, kuma ke kina iya ce wa mutum a'a kina kallon fuskarsa, abin da ni sai da na sha wuya na koya. Tsoron nawa ne, ni uwa ce, dole in ji shi. Ki karanta, ki ɗauki abin da zai amfane ki, sauran ki bar mini a nan Kakuri in riƙe. Kada ki shiga kicin da shi, don ba na so hannunki ya yi rawa kina riƙe da wuƙa.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya tsare ki daga wuta, da mugun mutum, da mugun baki, naki da na wasu. Ya ba ki tagomashi a idon waɗanda za ki yi wa aiki, ya sa su zama masu tausayi. Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba waɗanda suka hau mulki tsoronsa. Ki gaishe da kawunki da matarsa da yara. In kin sami mai zuwa Kaduna, ko layi biyu ne ki aiko, in san kin ci abinci.

Ni ce mamanki,
Saratu